Alƙalin da Bai Tuɓe Rigarsa Ba: Abin da Ya Fitar da Cearbhall Ó Dálaigh daga Fadar Shugaban Ireland

Ranar Litinin, 18 ga Oktoba 1976, ministan tsaron Ireland, Paddy Donegan, ya je barikin soja na garin Mullingar don buɗe sabon ɗakin cin abinci. Taro ne irin wanda ake yanka ƙyalle, a yi tafi, kowa ya kama gabansa. Da ya tashi jawabi sai ya saki hanya ya kama daji. A gaban hafsoshi ya ce shugaban ƙasa babban abin kunya ne. Wani ɗan jarida na wata ƙaramar jaridar yankin yana wurin, ya rubuta. Kwana huɗu bayan haka shugaban ƙasar, Cearbhall Ó Dálaigh, ya ajiye muƙaminsa. Shi ne shugaban Ireland na farko da ya yi murabus.

Wanda ya ji labarin a dunƙule zai ce dattijo ne mai saurin fushi, an gaya masa baƙar magana ya yi zuciya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, zan kuma dawo kansa. Amma laifin da ministan yake zaginsa a kai shi ne ya aika wani ƙudirin doka Kotun Ƙoli kafin ya sa masa hannu. Ba a gane dalilin da ya sa ya yi haka, da dalilin da ya sa zagin ya yi masa zafi har ya bar kujera, sai an koma shekaru ashirin da ya yi a wannan kotun, sha ɗaya da ɗoriya daga ciki yana Alƙalin Alƙalai.

Sunan nasa da wuyar karantawa, domin da harshen Irish aka rubuta shi. A baki kamar "Kyarul O Dali" ake faɗinsa. An haife shi a garin Bray da ke kudu da Dublin ranar 12 ga Fabrairu 1911, lokacin tsibirin duka yana ƙarƙashin Birtaniya. Ya yi karatun harsunan Celtic a jami'a a Dublin, ya yi aikin editan sashen harshen Irish a jaridar Irish Press ta Éamon de Valera, jagoran jam'iyyar Fianna Fáil, ya zama lauya a 1934. A 1945 ya sami muƙamin babban lauya, kwatankwacin abin da ake kira SAN a Najeriya. Ireland da Najeriya gida ɗaya suka ci gado a fannin shari'a, wato tsarin Ingila, inda ake ɗauko alƙali daga cikin lauyoyin da suka goge a gaban kotu. Mai karatu a Nijar ya fi sabawa da tsarin Faransa, inda mutum yake shiga makarantar alƙalai tun yana matashi ya yi ta hawa mataki-mataki. A Ireland gwamnati ce take zaɓar alƙali, shugaban ƙasa ya naɗa, kuma a wancan zamanin ba a ɓoye cewa jam'iyya tana da tasiri a zaɓin.

Ó Dálaigh ɗan jam'iyyar Fianna Fáil ne. Sau biyu ya nemi kujerar majalisa, a 1948 da 1951, sau biyun ya faɗi. De Valera ya naɗa shi Antoni Janar a 1946 yana ɗan shekara 35, ya riƙe har 1948, ya sake dawowa daga 1951 zuwa 1953, sannan aka kai shi Kotun Ƙoli kai tsaye yana da shekara 42. Akwai wani abu da ya faru yana Antoni Janar da ya kamata a ajiye a zuciya. A 1947 ana shari'a a kan wasu tsoffin kuɗaɗen jam'iyyar Sinn Féin da ke ajiye a hannun kotu, sai majalisa ta yi doka tana umartar Babbar Kotu ta kori ƙarar. Kotu ta ƙi, Kotun Ƙoli kuma ta ce majalisa ba ta da hurumin yanke shari'ar da ke gaban alƙali. Gwamnatin da aka kayar ranar, shi ne babban lauyanta. Wato ya fara koyon iyakar ikon gwamnati ne daga ɓangaren wanda aka taka wa burki.

Irin wannan hukunci kuwa ba kasafai ake jinsa ba a lokacin. Ireland ta sami kundin tsarin mulkinta na yanzu a 1937, a ciki an rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa, an kuma ba kotu ikon soke dokar da ta saɓa musu. Sai dai alƙalan farko a makarantar Ingila suka tashi, inda majalisa ce gaba da kowa, alƙali kuma aikinsa fassara abin da ta rubuta. Kundin yana nan kamar takobi a kube, ba mai zare shi. A 1961 firaminista Seán Lemass ya naɗa Ó Dálaigh Alƙalin Alƙalai, ya kuma kawo wani matashin alƙali, Brian Walsh, Kotun Ƙoli. Walsh ya ba da labari daga baya cewa Lemass ya gaya musu yana son kotun ta ɗan yi kama da Kotun Ƙolin Amurka. Ko Lemass ya san abin da ya kunna, Allah masani.

Shari'ar da ta fi nuna halin Ó Dálaigh ita ce ta wani mutum mai suna Quinn. 'Yan sandan Ingila suna nemansa, suka aiko da takardar kamu Dublin. A lokacin ana aiki ne da wata tsohuwar doka ta 1851, tun zamanin da ƙasashen biyu suke ƙarƙashin sarauta ɗaya: 'yan sandan Ireland su sa hannu a bayan takardar, su kama mutum, su miƙa shi. Aka kama Quinn a 1963, lauyoyinsa suka je Babbar Kotu, aka gano takardar tana da kuskure, aka sake shi. Ashe an riga an shirya wata takardar. Yana fita aka sake damƙe shi, aka jefa shi a mota, aka ƙetara da shi iyaka zuwa Ireland ta Arewa, wadda ke hannun Birtaniya, kafin lauyoyinsa su kai ga wani alƙali. Lissafin 'yan sandan mai sauƙi ne. Da zarar mutumin ya fita daga ƙasa, kotu ba ta da abin yi, sai dai ta yi ta buga guduma a kan tebur.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1964. Ta ce wannan sashe na dokar 1851 bai dace da kundin tsarin mulki ba, tunda yana ba da damar a fitar da mutum kafin ya nemi kotu ta duba halascin kamunsa. Ta kuma ce abin da jami'an suka yi raina kotu ne. Ó Dálaigh ya rubuta cewa kundin bai ba ɗan ƙasa haƙƙi don a zagaye shi ko a mai da shi banza ba, kuma ikon kotu wajen kare kundin yana da faɗi gwargwadon yadda kariyar take buƙata. Lauyoyin Ireland har yau suna janyo wannan magana. Dole majalisa ta yi sabuwar dokar miƙa masu laifi a 1965. Quinn dai ya riga ya tafi, hukuncin bai dawo da shi ba. Abin da ya dami alƙalin shi ne dabarar kanta, ta gaggauta kai abu inda hannun kotu ba ya isa. A riƙe wannan, domin a 1976 za mu sake ganinta da wata riga.

Ta biyu ita ce shari'ar Gladys Ryan, wata uwa a Dublin da ta ƙalubalanci dokar 1960 mai umartar a zuba sinadarin fluoride a ruwan famfo don kare haƙoran yara. Ta ce ana ɗura wa ita da 'ya'yanta abin da ba su nema ba. An yi kwana 65 ana sauraron ƙarar a Babbar Kotu, kuma ta faɗi, domin kotu ta gamsu sinadarin ba ya cutarwa. Sai dai a cikin faɗuwar tata aka sami abin da ya fi nasara tasiri. Sashe na 40 na kundin ya ce ƙasa za ta kare haƙƙoƙin ɗan ƙasa, "musamman" ransa da jikinsa da mutuncinsa da dukiyarsa. Mai shari'a John Kenny ya tsaya a kan kalmar "musamman". Ya ce wanda ya ce musamman, yana nufin akwai wasu bayan waɗanda ya lissafa. Saboda haka akwai haƙƙoƙin da kundin yake karewa ko da bai ambace su ba, kuma 'yancin mutum a kan jikinsa yana cikinsu. Da aka ɗaukaka ƙara, Ó Dálaigh ya amince da wannan fahimta.

A ganina nan ne ya buɗe ƙofa mafi faɗi, nan ne kuma sukarsa ta fi ƙarfi. Idan haƙƙi ba a rubuce yake ba, wa zai ce akwai shi? Alƙalai biyar da ba wanda ya zaɓe su. Kenny ma da ya tashi kafa hujja, har da wata wasiƙar Fafaroma ya jawo, abin da ya yi daidai da Ireland ta 1963 amma ba zai karɓu ga kowa ba yau. Ta wannan ƙofa aka shigo da 'yancin sirrin ma'aurata a 1973, da 'yancin neman abinci, da 'yancin tafiye-tafiye. Daga baya alƙalan ƙasar da kansu suka fara ja da baya, har a 2020 Kotun Ƙoli ta ce gara a riƙa maganar haƙƙoƙin da aka ciro daga nassin kundin, maimakon waɗanda alƙali ya hango da kansa.

Sauran hukunce-hukuncen zamaninsa duk hanya ɗaya suka bi. A 1966 kotun ta ce ba a hana mutum beli don ana tsoron zai aikata wani laifi nan gaba, domin hakan hukunta shi ne a kan abin da bai yi ba. Wannan ya tsaya shekara talatin, har 1996 da jama'a suka sauya shi da ƙuri'ar raba gardama, bayan kisan 'yar jarida Veronica Guerin, kusan kashi uku cikin huɗu suka goyi bayan sauyin. A 1971 wata mata da ta faɗi ta ji rauni a inda ma'aikatan gidan waya suka haƙa rami a Bray, garinsa na haihuwa, ta kai ƙasar kanta ƙara. Tsohuwar ƙa'idar Ingila ita ce sarki ba ya laifi, don haka ba a ƙararsa. Kotun ta ce wannan rigar ta tafi tare da sarkin, a jamhuriya jama'a ne masu iko, ƙasa kuma ana iya gurfanar da ita kamar kowa. A shekarar ne kuma aka yi shari'ar Pádraic Haughey, ɗan'uwan ɗan siyasa Charles Haughey. Pádraic ya ƙi amsa tambayoyin kwamitin majalisa mai binciken fam 100,000 da aka ware don agajin mutanen Ireland ta Arewa, aka yanke masa wata shida. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, Ó Dálaigh ya zayyana abin da ya wajaba a ba duk wanda ake taɓa mutuncinsa a gaban wani kwamiti: a nuna masa shaidar da aka bayar a kansa, lauyansa ya yi wa masu shaidar tambayoyi, ya kawo tasa shaidar, ya kuma yi jawabin kare kansa. Duk wani kwamitin bincike a Ireland har gobe da waɗannan sharuɗɗa yake aiki, kuma masu ƙorafin cewa binciken ƙasar yana cin shekaru da miliyoyi, nan suke nuna yatsa.

Kada a ɗauka kotun waliyyai ce. A 1966 wani mutum ɗan asalin Cyprus, Nicolaou, ya zo yana kuka an ba da 'yarsa riƙo ba tare da an tambaye shi ba, don bai auri uwar ba. Kotun ta ce kundin bai ba shi wannan haƙƙin ba. Masu neman haƙƙin da ba a rubuta ba, ranar ba su gano ko ɗaya ba.

A Janairun 1973 Ireland ta shiga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai tare da Birtaniya da Denmark, Ó Dálaigh ya bar Dublin ya zama alƙalin ƙasarsa na farko a kotun tarayyar da ke Luxembourg. Wuri ne da ya dace da mutumin da ke jin Faransanci da Italiyanci ban da Irish da Ingilishi. Bai cika shekara biyu ba shugaba Erskine Childers ya rasu kwatsam a Nuwamban 1974. Jam'iyyu suka daidaita a kansa, ba a yi zaɓe ba, aka rantsar da shi shugaba na biyar ranar 19 ga Disamba.

Shugaban Ireland ba ya mulki. Mulki yana hannun firaminista, wanda a lokacin Liam Cosgrave ne na jam'iyyar Fine Gael, abokiyar hamayyar tsohuwar jam'iyyar Ó Dálaigh. Shugaba yana karɓar jakadu, yana sa hannu a dokoki, ko fita ƙasar waje sai da yardar gwamnati. Abubuwan da zai yi da ra'ayin kansa ba su da yawa, kuma mafi nauyinsu yana sashe na 26: kafin ya sa hannu a ƙudiri, yana iya jin shawarar majalisar mashawartan ƙasa, sannan ya tura shi Kotun Ƙoli ta duba ko ya saɓa wa kundi. Kotu tana da kwana 60. In ta ce ya saɓa, ƙudirin ya mutu. In ta ce bai saɓa ba, dole shugaba ya sa hannu, kuma ba wanda zai sake ƙalubalantar dokar har abada.

Ranar 21 ga Yuli 1976 ƙungiyar IRA, mai yaƙi da makami don fitar da Birtaniya daga Ireland ta Arewa, ta dasa nakiya a kan hanya a gefen Dublin ta kashe jakadan Birtaniya, Christopher Ewart-Biggs, wanda bai yi mako biyu da kama aiki ba, tare da wata ma'aikaciya, Judith Cooke. Gwamnati ta ji kunya, ta kuma fusata. Ranar 1 ga Satumba majalisa ta ayyana dokar ta-ɓaci, aka kawo ƙudirin da zai ba 'yan sanda damar tsare wanda ake zargi har kwana bakwai ba tare da tuhuma ba, alhali a da awa 48 ne iyaka.

Ga inda ƙullin yake. Sashe na 28 na kundin ya ce dokar da aka yi da sunan kare ƙasa a lokacin ta-ɓaci, ba a soke ta da hujjar wani sashe na kundin. Wato da zarar ƙudirin ya zama doka, ya ƙetare iyaka, kotu sai kallo. Gwamnati ta ɗauka maganar ta ƙare a nan. Amma sashe na 28 doka yake karewa, ƙudirin da ba a sa wa hannu ba kuwa bai zama doka ba tukuna. Tsakanin fitowarsa daga majalisa da alƙalamin shugaba akwai 'yan kwanaki, kuma su kaɗai ne lokacin da wani alƙali zai iya ɗora ido a kansa. Mutumin da ya rubuta hukuncin Quinn ba zai rasa ganin wannan ba. Motar tana kan hanyar iyaka, shi ne kuma yake tsaye a shingen ƙarshe. Ranar 24 ga Satumba ya tura ƙudirin kotu.

Ranar 15 ga Oktoba Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Tom O'Higgins, wanda shi kansa tsohon ɗan takarar shugaban ƙasa ne na Fine Gael, ta ce ƙudirin bai saɓa wa kundi ba. Masu cewa an ɓata mako uku a banza a nan suke tsayawa. Ba su karanta ƙarshen hukuncin ba. Kotun ta ƙara da cewa dokar ba ta cire wa wanda aka tsare haƙƙin ganin lauya da likita ba, ba ta hana shi sadarwa ba, ba ta kuma toshe masa hanyar zuwa kotu ba. Ƙudirin bai faɗi haka ba. Mutumin da zai kwana bakwai a ɗakin 'yan sanda, wannan jimlar ce bambancinsa da wanda aka jefa rijiya, kuma da ba a tura ƙudirin ba da babu wanda zai rubuta ta a lokacin.

Washegari, 16 ga Oktoba, ya sa hannu. A ranar ce bam ɗin IRA ya kashe wani matashin ɗan sanda, Michael Clerkin, a wani gida kusa da garin Portarlington da aka yaudari 'yan sanda suka je. Wasu a cikin gwamnati suka ɗora jinkirin a wuyan shugaba. Da wannan zafin Donegan ya isa Mullingar.

Me ya sa zagin ya wuce zagi? A kundin Ireland shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, hafsoshi daga hannunsa suke karɓar takardar muƙaminsu. Ministan tsaro ya tsaya a bariki ya gaya wa hafsoshi cewa kwamandansu abin kunya ne, don ya yi abin da kundi ya ba shi damar yi. Donegan ya aika da takardar ban haƙuri, ya kuma miƙa wa Cosgrave murabus, Cosgrave ya ƙi karɓa. 'Yan adawa suka kawo ƙudirin a sauke ministan, ranar 21 ga Oktoba majalisa ta yi watsi da shi da ƙuri'a 63 a kan 58, firaminista yana cikin masu kare shi. Ó Dálaigh ya karanta wannan ƙuri'a yadda alƙali yake karanta hukunci: majalisa ta zaɓi ministan. Washegari ya tafi, ya ce don ya kare martabar ofishin ne da 'yancinsa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ó Dálaigh ba ɗan siyasa ba ne, kuma bai iya haɗiye abu ba. Ya ƙi ganin Donegan da ya nemi zuwa ba shi haƙuri ido da ido. Ya saba da kujerar da in ya yi magana sai a rubuta a bi, sai ga shi a kujerar da ake so ya yi murmushi ya sa hannu. Tun kafin rikicin yana jin haushin yadda Cosgrave ba ya zuwa sanar da shi halin da ƙasa take ciki sai jefi-jefi, alhali kundi ya wajabta hakan. A farkon shekarar ma ya tura wani ƙudirin na shari'ar laifukan da aka aikata a Ireland ta Arewa, kotu ta wanke shi, don haka gwamnati ta riga ta fara kallonsa a matsayin ɗan adawa a fada. Wani mai sanyin zuciya da ya karɓi ban haƙurin ya zauna, kuma da ba za a ce ya yi laifi ba. Amma a kan ainihin tambayar, ko ya dace ya tura ƙudirin, ban ga inda ya kauce ba. Ikon nasa ne, an rubuta shi, kuma ƙudirin da ya shafi tsare mutum mako guda ba tuhuma, in bai cancanci a duba shi ba, ban san wanda ya cancanta ba.

Patrick Hillery ya gaje shi a Disamba, shi ma ba tare da zaɓe ba. A watan ne aka ɗauke Donegan daga tsaro aka kai shi ma'aikatar filaye. Gwamnatin Cosgrave ta sha mummunan kaye a zaɓen Yunin 1977, kuma a Oktoban shekarar sabuwar gwamnati ta bar sashen tsarewar kwana bakwai ya mutu ba tare da ta sabunta shi ba. Shekara ɗaya ya yi yana aiki. Ó Dálaigh ya koma ƙauyen Sneem a gundumar Kerry tare da matarsa Máirín, masaniyar harshen Irish, a can ya rasu ranar 21 ga Maris 1978 yana da shekara 67, a can kuma aka binne shi.